Tsakanin Kare da Rago, Wanne Ya Fi Kusa da Alade?

Baban Hauwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu ilimin halittu ce da likitocin dabbobi da ke cikinmu. Makon da ya wuce 'yata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta kawo mini aikin gida, inda aka tambaye su wace dabba ce ta fi kusa da alade a dangantaka tsakanin kare da rago da ɓera. Ban ko tsaya dogon tunani ba na ce mata ta rubuta kare. Jiya ta dawo da littafin, malamarsu ta soke amsar da jan biro ta rubuta rago a gefe, yarinyar kuwa ta ajiye mini shi a kan tabarma ba ta ce komai ba, sai kallona kawai da take yi.

Har yanzu abin bai kwanta mini ba, shi ya sa na kawo shi nan. Alade da kare duka suna cin duk abin da suka samu, nama ne ko tuwo ko abin da aka zubar a juji, alhali rago ciyawa da dusa ya sani. Dukansu suna haifar 'ya'ya da yawa a ciki ɗaya, kuma matansu suna da nonuwa jere biyu a ciki, tunkiya kuwa ɗa ɗaya ko biyu take haifa, nononta kuma biyu ne. Dukansu suna da fiƙa, ba sa tuƙa, ba su da ƙaho. Ga shi kuma tun muna yara ba a cika ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba idan ana maganar ƙazanta. To ta wace hanya rago, wanda muke layya da shi, ya zama ya fi kare kusanci da alade? Idan malamar ce ta yi kuskure ina so in sani kafin in je makarantar, idan kuma ni ne, ina so in fahimci inda na kauce.

Dakta Mai-Shanu ya amsa:

Wa alaikumus salam Baban Hauwa. Kada ka je makarantar, malamar ce ke da gaskiya, ko da yake dalilan da ka kawo ba na banza ba ne, domin manyan masana ma sun taɓa ruɗewa a kan alade.

Masu rarraba dabbobi suna jera su ne hawa-hawa, daga babban gida zuwa ƙaramin ɗaki. Kare da alade da rago da ɓera duka suna cikin ajin masu shayarwa, kuma duka suna renon ɗa a ciki ta hanyar mabiyiya. Daga nan sai a sauko zuwa rukuni, kuma a nan ne kare da alade suke rabuwa. Kare yana rukunin Carnivora, wato maciya nama, tare da dila da kyarkeci da yanyawa, waɗanda su ne danginsa na kusa, sannan dage da bodari da karen ruwa, sannan a ɗaya reshen kyanwa da zaki da damisa da tunku da kura. Alade yana rukunin Artiodactyla, wato masu kofato mai yatsu biyu ko huɗu, tare da rago da akuya da saniya da barewa da raƙumi da raƙumin dawa da dorina. Danginsa na kusa a dazukanmu shi ne gadu, wanda duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki da ke Yankari ya gan shi yana yawo tsakanin ɗakuna da wutsiya a miƙe.

Abin da ya fi sauƙin gani da ido shi ne ƙafa. Idan ka ɗaga ƙafar alade za ka ga yatsu huɗu, biyu na tsakiya manya masu kofato su ne ke ɗaukar nauyin jiki, biyu ƙanana kuma suna rataye a baya ba sa taɓa ƙasa sai a cikin taɓo. Ka je wurin mai sayar da ƙafar saniya ko ta rago ka duba, tsarin nan ne dai, sai dai ƙananan yatsun na baya sun ƙara ƙanƙancewa. Ƙafar kare kuwa tana da tausassan dunduniyoyi da farata, babu kofato ko kaɗan. Akwai kuma wani ƙashi a idon sawu wanda a jikin masu kofato biyu yake da kwari a sama da ƙasa, kamar kurar jan guga guda biyu da aka manne, kuma ba a samun wannan siffa a wani rukuni daban. Alade yana da shi, rago yana da shi, kare da doki ba su da shi. Lokacin da muke ɗalibai wannan ƙashi ne ake ajiye mana a kan tebur ranar jarrabawa a ce mu faɗi rukunin dabbar, kuma wanda ya gane shi ba ya buƙatar ganin sauran gawar.

Sai haƙora, waɗanda su ne suka fi yaudarar mutane. Baligin alade yana da haƙora 44, kare yana da 42, adadin ya yi kusa, amma aikinsu ya bambanta. A kowane gefe na bakin kare akwai haƙora biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, masu kaifi da ke gogar juna kamar almakashi, da su yake yanka nama da jijiya, shi ya sa za ka ga ya karkatar da kai gefe idan yana cin ƙashi. Wannan almakashi shi ne tambarin rukunin maciya nama. Turamen alade kuwa masu faɗi ne da ƙananan tuddai, na niƙa ne, sun fi kama da namu. Fiƙar da ka ambata ba ta kafa hujja, domin raƙumi ma yana da ita, kuma wanda amale ya taɓa cizo zai ba ka labari.

Ƙwayoyin gado ma, wato abubuwan da ke cikin jiki masu ɗauke da siffofin da 'ya'ya ke gada daga iyaye, sun tabbatar da abin da ƙashi ya nuna. Bisa ƙiyasin masu nazarin su, zuriyar kare da ta alade sun rabu tun kimanin shekara miliyan 75 zuwa 80 da suka wuce, wato kafin ƙarewar manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, wadda ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce. Rabuwar alade da rago kuwa ta zo daga baya, wajen shekara miliyan 60. Ɓera shi ne ya fi nisa a cikin ukun, domin shi yana wani babban reshe ne daban tare da zomo da biri. Saboda haka jerin kusancin shi ne rago, sannan kare, sannan ɓera. Ba ka yi nisa ƙwarai ba, na biyu ka zaɓa.

Game da yawan 'ya'ya da nonuwa, wannan dabarar rayuwa ce da ake samu a gidaje dabam-dabam, ɓera da zomo ma haka suke. Idan aka shiga ciki za a ga bambanci. Cikin alade kwana 114 ne, wanda makiyayansa a wajen Kafanchan suke haddacewa da wata uku, mako uku, kwana uku, na karya kuwa kimanin kwana 63 ne. Mabiyiyar karya tana zagaye ɗan ne kamar ɗamara, ta alade kuwa tana shimfiɗe ne a duk jikin jakar.

Almajirin Zaure ya amsa:

Allah ya saka wa Likita da alheri. Ni ba fannina ba ne, amma ina so in taɓa ɓangare na ƙarshe na tambayar, domin ina ganin a nan ne ainihin abin da ya sa Baban Hauwa da yawancinmu muke haɗa dabbobin nan biyu.

Rabon da malaman fiƙihu suke yi wa dabbobi rabo ne na hukunci: me ake ci, me ba a ci, me ke ɓata ruwa, me ya halatta a ajiye a gida. Ba su ce suna bayanin wace dabba ce ta haɗa jini da wace ba. Don haka idan littafin fiƙihu ya ambaci kare da alade a layi ɗaya, hukunci ne ya haɗa su a wurin, kamar yadda kotu za ta iya yanke wa mutum biyu hukunci iri ɗaya alhali ba su haɗa ko unguwa ba.

Kuma ko a hukuncin ma ba kowace mazhaba ce ta haɗa su ba. A wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya ne aka fi jin an jera su tare a matsayin najasa mai nauyi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, abin da ya shahara shi ne duk mai rai tsarkakakke ne a jikinsa muddin yana raye, har da kare da alade, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki ana yin sa ne don bin umarni. Haramcin naman alade kuwa ya zo da sunansa ƙarara a cikin Alƙur'ani, a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, alhali a cikin Ma'ida ɗin an halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, kuma kare yana cikinsu. Kun ga ashe ko a nan matsayinsu ba ɗaya ba ne.

Sannan kusancin alade da rago a littafin kimiyya bai taɓa halaccin rago da komai ba, bai kuma rage wa alade haramci ba. Na faɗi haka ne domin na san akwai wanda zai karanta amsar Likita ya ji wani iri a ransa.

Baban Hauwa ya sake rubutawa:

Na gode Likita, na gode Malam. Na karɓi maganar ƙafar, domin da yamman nan na tsaya wurin mahauci na ɗauki ƙafar rago na juya ta, na ga ƙananan yatsun nan biyu na baya da ban taɓa lura da su ba duk tsawon shekarun da nake cin ganda da ƙafa. Amma akwai abu biyu da suka rage mini. Na farko, idan alade ɗan gidan su rago ne, me ya sa ba ya tuƙa? Na biyu, na sha jin cewa likitoci a Amurka suna dasa wa mutane sassan jikin alade. Wannan ba ya nuna cewa alade ya fi kusa da ɗan Adam a kan kare da rago duka?

Malama Ta-Zariya ta amsa:

Baban Hauwa, ni malamar ilimin halittu ce a babbar sakandare, kuma tambayoyin nan biyu ɗalibaina suna yi mini su kusan kowace shekara, don haka bari in ɗauke wa Likita su.

Tuƙa ba sharaɗin shiga rukunin ba ce, sana'a ce da wasu 'yan gidan suka ƙware a kai. Saniya da rago da akuya da barewa da raƙumin dawa suna da tumbi mai ɗaki huɗu. Raƙumi yana tuƙa amma nasa ɗaki uku ne. Dorina tana da tumbi mai ɗakuna amma ba ta tuƙa. Alade kuwa tumbinsa ɗaki ɗaya ne. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a tsarin da ƙwayoyin gado suka nuna, reshen raƙumi ne ya fara ballewa, sannan na alade, sannan sauran suka rabu biyu, masu tuƙa a gefe guda, dorina da wel a ɗaya gefen. Wel ita ce ƙatuwar dabbar tekun nan da mutane ke ɗauka kifi ce alhali tana shayar da 'ya'yanta nono. Ma'anar wannan ita ce rago ya fi kusa da alade a kan yadda yake kusa da raƙumi, duk da cewa rago da raƙumi ne ke tuƙa, kuma alade ya fi kusa da wel a kan yadda yake kusa da kare. A shekarar 2001 an ba da rahoton ƙasusuwan tsofaffin kakannin wel masu ƙafafu da aka tono a Pakistan, aka kuma same su da ƙashin idon sawun nan mai kwari biyu da Likita ya kwatanta. Wannan ne ya rufe bakin masu jayayya da yawa.

Kada kuma ka ji kunyar kuskurenka. Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin sanya wa halittu suna biyu-biyu, a bugun littafinsa na 1758 ya ajiye alade ne a rukuni ɗaya da bushiya da jaɓa, daga baya ya mayar da shi wurin doki da dorina da karkanda. Georges Cuvier na Faransa ya haɗa shi da giwa a cikin abin da ya kira masu kaurin fata. Sai a 1848 Richard Owen na Ingila ya raba masu kofato ta hanyar ƙirga yatsu, ya fitar da sunan Artiodactyla. Abin lura shi ne, duk wannan yawo da aka yi da alade, babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya kai shi ɗakin kare.

Duk da haka akwai inda suka haɗu, kuma ya kamata a faɗa domin tambayarka ta asali a kan kusancinsu ce. A ƙarshen shekarun 1990 nazarin ƙwayoyin gado ya fito da wani babban reshe da aka sa wa suna Laurasiatheria, daga sunan tsohuwar nahiyar arewa da ake ganin can ne asalinsu. A cikinsa akwai maciya nama, da masu kofato biyu, da doki da jaki da karkanda, da jemage, da bushiya da jaɓa. Kare da alade duka suna ciki. Giwa ba ta ciki, ita tana wani reshe ne na Afirka tare da rema da dabgi da ayun da ke kogin Binuwai, duk da cewa dabgi yana da hanci kamar na alade har mutanen Afirka ta Kudu suka sa masa suna aladen ƙasa. Ɗan Adam ma ba ya ciki. Idan za a kwatanta da zumuncinmu, kare da alade kamar mutum biyu ne da suka haɗa kakan kakan kaka, sun san asalinsu gari ɗaya ne amma ba a kiran ɗaya rabon gadon ɗayan. Har yau masana suna muhawara a kan ko doki ya fi karkata wajen kare ko wajen alade a cikin wannan reshe, domin rabuwar ta faru ne a kurkusa da juna.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Gaskiya ne a watan Janairun 2022 likitoci a Jami'ar Maryland sun dasa wa wani mutum zuciyar alade, ya rayu kimanin wata biyu, kuma a watan Maris na 2024 an dasa wa wani ƙodar alade a birnin Boston. Amma an zaɓi alade ne saboda girman zuciyarsa da ƙodarsa ya yi daidai da namu, yana girma da wuri, yana haihuwa da yawa, kuma an iya kiwonsa. Ko da haka sai da aka sauya wasu ƙwayoyin gadonsa kafin a yi dashen, domin jikin mutum yana ƙin sashen jikin alade da aka dasa masa nan take. A lissafin rabe-rabe, nisan mutum da alade daidai yake da nisan mutum da kare da kuma rago, domin su ukun suna reshe ɗaya, mu muna wani. Ɓeran nan da aka saka a tambayar Hauwa, shi ne a cikin su huɗun ya fi kusa da mu.

Sarkin Baka ya amsa:

Ni maharbi ne, na gaji farauta da karnuka, kuma na karanta duk abin da aka rubuta. Maganar da ta tsaya mini ita ce ta kura. Likita ya jera ta tare da kyanwa da damisa, alhali duk wanda ya ga kura ya ga babban kare mai gajerun ƙafafun baya, kuma farcenta ba ya komawa ciki kamar na kyanwa. Sannan akwai wata magana da ake yi a ƙauyuka cewa wai kare yana iya barbarar alade a haifi wani abu tsakani. Ni ban taɓa gani ba, amma na ji ta fiye da sau ɗaya daga bakin manya. Likita, mene ne gaskiyar waɗannan biyun?

Dakta Mai-Shanu ya sake amsawa:

Sarkin Baka, ranka ya daɗe. Kura ta yi kama da kare ne saboda sana'arsu ɗaya, bin dabba da gudu a fili da kamawa da baki, amma ƙasusuwan da ke kewaye da kunnenta da ƙwayoyin gadonta na ɓangaren kyanwa ne, kuma danginta na kusa su ne tunku da ire-irensa. Irin ruɗin da ya sami Baban Hauwa ne, sai dai a nan aƙalla kura da kare suna rukuni ɗaya.

Maganar barbara kuwa ba ta yiwuwa. Ƙwayoyin gado suna ɗaure ne a cikin wasu ƙunshi da ake kira kuromosom, kare yana da 78, alade na gida yana da 38. Doki yana da 64, jaki yana da 62, dangin juna ne na kusa ƙwarai, amma duk da wannan kusanci alfadarin da suke haifa yana fitowa da 63 kuma kusan kullum ba ya haihuwa. Idan haka abin yake tsakanin doki da jaki, to babu ta inda za a fara tsakanin dabbobin da suka rabu shekara miliyan 75 ko fiye. Abin da yakan jawo irin wannan labari shi ne ɗan alade da aka haifa da nakasa a fuska ko ƙafa, mutane su taru a kansa kowa ya faɗi abin da ya ga ya yi kama da shi. Adadin kuromosom shi kaɗai ma ba ya nuna kusanci, domin kyanwa tana da 38 daidai da alade.

Tun da kai mai karnuka ne, akwai abin da ke ratsawa tsakanin dabbobin nan biyu da ya fi barbara muhimmanci a gare ka. Akwai wata cuta da likitan dabbobi ɗan ƙasar Hungari, Aladár Aujeszky, ya bayyana a 1902, wadda mazauninta alade ne. Babban alade yakan ɗauke ta ya warke ya ci gaba da yawo da ita, amma karen da ya ci ɗanyen naman ko kayan cikin aladen da ke da ita yakan kamu da ƙaiƙayi mai tsanani, ya yi ta soshe fuskarsa har ya ji wa kansa rauni, kuma yawanci yakan mutu cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka ina ba masu karnuka shawara kada su jefa musu ɗanyen kayan cikin alade, na gida ne ko na dawa, sai an dafa shi ya nuna sosai.